Yadda Za Ka Kalli Tsuntsayen Ƙaura Daga Kano Kafin Su Haura Hamada

Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, akwai mutane a Turai da ke ɗaukar hutu a wurin aiki, su biya kuɗin jirgin ruwa, su tafi wasu 'yan tsibirai su kwana cikin sanyi da iska, ba don komai ba sai don su ga tsuntsu. Akwai Fair Isle a arewacin Sikotilan, da Heligoland a tekun Jamus, da tsibiran Scilly a kudu maso yammacin Ingila, da Ventotene a gaɓar Italiya. Da an ce ga alhuduhudu ya sauka a wani tsibirin Ingila, kafin ka ce kwabo labari ya zaga wayoyi, domin can baƙo ne, kaɗan ne ke kaiwa a shekara. To da yawa daga cikin tsuntsayen da ake yi wa wannan dakon, makonni kaɗan kafin nan suna nan wajenmu, a kan gawo da bakin fadama, suna ci suna tara ƙiba. Su ƙarshen tafiyar suke gani. Mu farkonta ne a ƙofar gidanmu, amma da wuya ka ga mai ɗaga kai. Ina so ka zama cikin masu ɗaga kan, ga kuma yadda ake yi.

Ka fara da sanin abin da ke gaban tsuntsun. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye sama da biliyan 2 ne ke gangarowa daga Turai zuwa Afirka duk kaka, waɗanda suka rayu kuma su juya da bazara. Gabansu akwai hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, bayanta ga Bahar Rum. Yadda ayarin fatake na da ba ya barin Kano zuwa Tarabulus sai ya cika guzuri, haka su ma, sai dai nasu guzurin kitse ne a jiki. Ɗan tsuntsun da bai wuce giram 12 ba yana iya kusan ninka nauyinsa kafin ya tashi. Masu binciken da ke kama su don awo sukan hura gashin ƙirjin a hankali, sai ka ga kitsen ruwan ɗorawa ya cika ƙarƙashin fata.

Dalilin da ya sa tsibiri ke tara su ba boyayye ba ne. Tsuntsun da ya kwana yana tafiya a kan teku, gari ya waye masa a galabaice, duk ƙasar da ya fara hangowa nan zai faɗa. Ventotene bai kai murabba'in kilomita 2 ba, amma tun 1988 masu binciken Italiya ke zama a kansa da sauran ƙananan tsibiran yankin duk bazara, suna kamawa, su auna, su sa musu zobe mai lamba a ƙafa, su saki. Wasu tsuntsayen kan iso kitsen ya ƙare ƙaf, har sai sun sha ruwan zaƙin furanni kafin su iya neman ƙwari. A Heligoland tun 1910 ake wannan aiki, a Fair Isle tun 1948. Su kuma baƙin da ba a saba gani ba, yawanci iska ce ke kawo su: iska mai ɗumi daga kudu ta ɗauki tsuntsun da ya nufi Sifen ko Italiya ya zarce har Ingila, ko iskar gabas ta ture wanda ya nufi Rasha zuwa yamma.

Wannan ƙa'idar tana aiki a nan yadda take aiki can. A watan Maris ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawa ta ƙone, duk inda ɗan ruwa ya rage ko wata bishiya ke riƙe da ganye, dole nan tsuntsaye za su taru. Saboda haka kada ka tafi neman ruwa mafi girma. Nemi ɗan ruwan da ba shi da na biyu a kusa, mai taɓo a gefe.

Lokaci

Kada ka jira Mayu. Ranar tsuntsayen ƙaura ta duniya takan faɗo a Asabar ta biyu ta Mayu, sannan a sake ta a Oktoba, amma kafin ta Mayun ta zo yawancin namu sun riga sun tafi. Agwagin ruwa su ke fara ɗagawa, daga Fabrairu zuwa Maris. Masu dogayen ƙafafu na bakin taɓo su bi baya cikin Maris zuwa Afrilu. Ƙananan na kan itace su ne 'yan ƙarshe, wasu har ƙarshen Afrilu. In mako biyu kacal za ka iya warewa, ɗauki na ƙarshen Maris da na farkon Afrilu.

A rana kuma, da ka idar da sallar asuba ka kama hanya, rana ta fito ta same ka a wurin. Kafin ƙarfe 10 zafi ya kori kowa inuwa, har da tsuntsayen, don ka san bazararmu ba ta wasa, awo kan haura digiri 40. Bayan la'asar ma ana samun motsi, musamman a wuraren da suke taruwa kwana cikin ciyawar ruwa. Ka tsaya yadda rana za ta kasance a bayanka. In tana gabanka, baƙar inuwa kawai za ka riƙa gani.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin hangen nesa, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa, ya ishe ka shekaru. Kada babbar lamba ta ruɗe ka, mai ninki 20 rawa yake yi a hannu ba za ka iya bin tsuntsu da shi ba. In na hannu za ka saya, fita da shi waje ka kalli wayar lantarki daga nesa: in ka ga ta zama biyu, ko idonka ya fara ja, ajiye musu kayansu. Sai ɗan littafi da fensir, gorar ruwa, hula mai baki, da takalmi rufaffe. Farar shadda a bar ta sai Juma'a, sa kaya masu launin ƙasa. Kuma kada ka shiga ruwan fadama da ƙafa komai kusancin tsuntsun, tsargiya tana nan.

Inda za ka je

Cikin gari ma ana farawa. Kududdufan da suka rage, duk da yadda ake ta cike su ana ɗora gini a kai, abin da ke ci mini rai ƙwarai, har yanzu sukan tara balbela da zalɓe da 'yan masu yawo a bakin taɓo. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero da gidan zu na Audu Bako suna da manyan itatuwa, wuri ne mai kyau na koyon riƙe madubi da sanin 'yan gida: kurciya, hasbiya, hankaka, cilakowa, shirwa. Sai ka san ɗan gida sosai kake gane baƙo.

In ka shirya fita, hanyar Zariya ta fi sauƙi. Gonakin noman rani na Kura da Kadawa, da magudanan ruwan da ke zuwa daga Tiga, su ne makarantar farko. Akwai kuma Bagauda, da Watari a Bagwai, da Challawa a Ƙaraye, da Wasai ta wajen Minjibir, da Tomas ta wajen Ɗambatta. A kowanne, bar wajen bangon dam, zagaya can wutsiyar ruwan inda yake janyewa yana barin laka.

Wanda ke da kwana biyu kuwa, fadamun Haɗeja zuwa Nguru babu kamarsu a Arewa. Tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe suka bi a 2008. Wani babban kaso na ruwan da ke ciyar da su daga wajenmu yake tafiya, kuma tun da aka datse shi a Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliyar shekara ta sauya, ciyawar kacala ta mamaye wurare da dama. Duk da haka, in ka dace da safiyar da dubban agwagi suka tashi lokaci guda, za ka ji ƙarar fukafukansu tun kafin ka gama ɗaga madubi. Ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi, kuma ka nemi ɗan gari ya raka ka. Haka ma dajin Falgore, kada ka shiga sai ka tambaya.

Maganar mutane tana gaba da maganar tsuntsu. Baƙo da madubi da kyamara a bakin ruwa abin tuhuma ne a zamanin nan, kuma ba laifin mutane ba ne. Fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci: "Ranka ya daɗe, daga birni nake, tsuntsayen ruwa na zo kallo, ba kamawa nake ba." Ka miƙa masa madubin ya duba da kansa. Manomi ka yi masa sannu da aiki, ka bi kan kunya, kada ka taka masa shuka. Kusa da bariki, filin jirgi ko shingen jami'an tsaro, madubi ya zauna cikin jaka. Masunta da makiyaya kuwa malamanka ne. "Baba, agwagin nan masu farin gira sun tafi ne ko suna nan?" Zai gaya maka inda suke kwana da ranar da suka ragu, kuma zai ba ka sunan da ake kiran su a yankin. Rubuta sunan, yana da daraja.

Abin da za ka nema

Wanda nake so kowa ya fara da shi shi ne ɗan siririn nan mai ciki ruwan ɗorawa da ke kaɗa wutsiya sama da ƙasa yana bin shanu, wanda za ka samu a manhajar tantance tsuntsaye da sunan Yellow Wagtail. Nemi garken da ke kiwo a kan danshi, ka zauna ƙasa tazarar taku ashirin, ka yi shiru. Za ka gan su a tsakanin kofatai, saniya na ɗaga ƙafa ƙwaro na tashi, ɗan tsuntsun ya ruga da gudu ya cafke, ya tsaya, wutsiya na rawa. A Disamba duk sun koɗe, kusan kamarsu ɗaya. Amma a ƙarshen Maris mazan sun sake gashi, cikinsu ya yi ɗau, sai ka dubi kan, shi ne zai gaya maka inda kowanne ya nufa. Mai kai shuɗi-shuɗi da farin gira tsakiyar Turai za shi. Mai kai baƙi ƙirin ya nufi wajen Girka da Turkiyya. Mai kai toka mai duhu da farin maƙogwaro na Italiya ne. Mai toka mai duhu, babu gira, maƙogwaro ruwan ɗorawa, shi ne mai tafiya mafi nisa, har arewacin Suwidin da Finlan, kuma yakan yi jinkirin tashi domin can ƙanƙara ba ta narke ba tukuna. A garke ɗaya kana iya samun iri biyu ko uku. Ni dai ban san wani kallo da ya fi wannan daɗi a bazara ba.

A kan ruwa, cikin kirinjijiya da dinya 'yan gida, nemi ƙaramar agwagwar da namijinta ke da farin zane daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, Garganey ke nan. A gonakin shinkafa akwai Ruff, garke-garke, namiji ya fi mace girma sosai har ka ɗauka iri biyu ne. Gab da tafiya mazan kan fara yin baƙaƙen dabbare a ƙirji, tulin gashin wuyan da suke taƙama da shi kuma sai sun yi nisa a hanya yake cika. A saman ƙaya ka lura da wani mai jan ƙeya, baƙin zane a ido, farin ciki, zaune shi kaɗai yana gadin fara. Shi ne Woodchat Shrike, ɗaya daga cikin waɗanda ake rububin gani in iska ta kai shi Scilly. Alhuduhudu kuma a kula, muna da namu mazaunin nan, ga kuma na Turai da ke zuwa cin rani, kamarsu ta yi yawa, don haka kada ka yi saurin yanke hukunci.

Sannan gawo. Shi ne itacen da ke fitar da ganye da rani ya zubar da damina, saboda haka a lokacin da komai ya bushe shi ke riƙe da tsutsa da ƙwari. Binciken da aka yi a faɗin Sahel ya nuna ƙananan tsuntsayen ƙaura sun fi taruwa a gawo da bagaruwa da aduwa da danginsu masu ƙaya, darbejiya da turare kuwa kusan fayau suke. Mu kuma darbejiya muka cika gari da ita. Ba na raina inuwarta, amma duk mai gona da ya bar gawo tsaye ya yi wa ƙasarsa taki, ya yi wa dabbobinsa abinci, ya kuma ciyar da matafiya. In ka sami gawo babba, jingina da wata bishiyar kusa, ka ba shi rabin sa'a. Da farko ba za ka ga komai ba. Can sai ganye ya motsa ba tare da iska ba. Kada ka sauke ido ka nemi madubi, bar idon a wurin, ka ɗago madubin ya same shi. Wannan dabarar ita ce rabin sana'ar.

In ka ga wanda ba ka sani ba

Kada ka fara buɗe waya. Kalle shi tukuna iya tsawon zamansa, ka rubuta a take: girmansa in an gwada da kurciya ko gwara, siffar baki, launin ƙafa, ko akwai gira, ko akwai zane a fiffike, abin da yake yi, kukansa. In ya ba ka dama, ɗora kyamarar waya a kan idon madubin ka ɗauka, ko hoton bai fita sosai ba ya fi babu. Kada ka bi shi kana tayar da shi daga reshe zuwa reshe. Duk tashin banza kitse ne ya ƙone, kuma da kitsen nan zai haye hamada. Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana taimakawa wajen tantance hoto, amma shawara take bayarwa, ba hukunci ba. Tura wa waɗanda suka daɗe a harkar, ka kuma yarda in sun ce maka ɗan gida ne. Rubuta "ban gane shi ba" ya fi rubuta sunan da ba nasa ba, domin wani zai gina bincike a kan abin da ka rubuta.

Rubutun kuwa kada ya tsaya a littafinka. Sa shi a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke shigar da abin da suka gani, ko ka shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015 ƙarƙashin APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jos. Su sun raba ƙasar zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita 9 kowane gefe, kana shigar da abin da ka gani ta manhajar BirdLasser, kuma ana son ka ba murabba'i aƙalla sa'a 2. Kano ba baƙuwar wannan aiki ba ce, a 1981 Sharland da Wilkinson sun buga jerin tsuntsayen jihar a mujallar Malimbus. Amma garin da suka gani ba shi ne na yau ba, kuma sai an sake dubawa za a san abin da ya ragu. A 1969 masu ƙirga a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, Whitethroat, ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Sai daga baya aka gane farin da ya afka wa Sahel ne ya kashe su. Da akwai masu rubutawa da yawa a nan, da tun da wuri an sani.

Ga 'yan'uwanmu da ke karatu a Saifurus ko Masar kuwa, ku kuna kan hanyar tsaf. A watan Afrilu ku fita da sassafe zuwa duk wani hancin ƙasa da ya kutsa cikin teku, kamar Cape Greco ko Karpaz a Saifurus, musamman washegarin daren da aka yi hadari ko iska ta juya. Ku duba ƙananan kurmi da shingayen gona na farko daga bakin ruwa.

Saura maganar zobe. Tun 1822 aka sami shaidar farko mai ƙarfi ta wannan tafiya, lokacin da aka harbo wata babbar farar shamuwar Turai kusa da Klütz a Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga 1899 aka koma sanya zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Zobban nan suna faɗowa hannun maharba da masunta da masu sayar da tsuntsaye a kasuwanninmu, wasu su ɗauka na'urar leƙen asiri ce su jefar, wasu su adana suna zaton azurfa ce. Ba ko ɗaya, alminiyam ne ko wani ƙarfe mara tsada, darajarsa tana cikin rubutun. In ka ci karo da shi, kada ka yi wa mai shi faɗa ko wa'azi, in ka yi haka ba zai sake nuna maka ba. Roƙe shi ka ɗauki hoton zoben ta kowane gefe har lambar ta fito duka, tare da adireshin da ke jiki, irin su Helgoland, Stockholm ko London. Tambaye shi ranar da ya same shi da sunan ƙauyen. In tsuntsun na da rai, karanta lambar a sake shi da zobensa. Sai ka shigar da bayanin a shafin EURING, ƙungiyar da ke haɗa masu sanya zobe na Turai. Sukan amsa da ranar da aka sa zoben da garin da aka sa shi. In amsar ta zo, koma ƙauyen ka karanta wa mutumin, ka kuma bar masa lambar wayarka saboda zobe na gaba.